Sarkin Gobir Yunfa Da Jinin Gimbana

Duk wanda aiki ya taɓa kai shi ƙasar Isa da Sabon Birni ya ji ana ambaton Alƙalawa. Yau kufai ne a gefen Gulbin Rima, ba nisa da Sabon Birni, amma a da shi ne babban birnin Gobir, wanda Sarki Babari ya kafa a ƙasar Zamfarawa. Sarkin da ya zauna cikinsa daga ƙarshe shi ne Yunfa ɗan Nafata, a cikinsa kuma aka kashe shi.

Yunfa ya hau gadon sarauta wajen shekarar 1802, amma ba ƙasa mai lafiya ya gada ba. Tun rasuwar Bawa Jan Gwarzo ƙarfin Gobir ke raguwa. An kashe Sarki Yakuba a yaƙin Kiyawa, Zamfarawa suna ta tawaye, ga kuma jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Degel kullum sai ƙaruwa take yi. Nafata ya nemi tsai da ita da doka: ya hana kowa wa'azi sai Shehu kaɗai, ya hana ɗa ya bar addinin ubansa, ya hana maza rawani, mata lulluɓi. Yunfa ya tarar da dokar, bai kuwa janye ta ba.

Masu ba da labari sun ce Shehu ya karantar da Yunfa tun yana yaro. Sun kuma ce da ya sami sarauta ya kira malamin nasa Alƙalawa, ya ɗana masa bindiga, wutar ta komo ta ƙone shi. Wannan shi ne labarin da ya fi yawo a bakin mutane. Amma abin da ya ci Gobir ba a fada ya auku ba, a wani ƙaramin gari ne can kudu maso yamma, cikin ƙasar Kabi, ana ce da shi Gimbana.

Wani almajirin Shehu, Malam Abdussalami, Ba'are, shi ne ya gudu can da mutanensa tun zamanin Nafata, don tsoron sarakunan Gobir. Aka ce ya komo, ya ƙi. Cikin watan azumi na 1218, watau ƙarshen 1803, Yunfa ya tura masa rundunar yaƙi. Suka faɗa wa garin, suka kashe malamai da talakawa, suka kwashe dukiya, suka ɗaure maza da mata da yara suka koro su kamar bayi. Abdussalami ya tsira. Sunansa ne ya wanzu a bakin mutane, waɗanda suka kwanta a Gimbana kuwa jimla ake ambatonsu, mutanen Gimbana, shi ke nan.

Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa yawancin abin da aka rubuta a kan Yunfa daga alƙalamin abokan gabansa ya fito, musamman Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A yi masa adalci, babu sarkin da zai ji daɗin ganin talakawansa suna fita daga hannunsa ƙungiya ƙungiya. Duk da haka zub da jinin masu azumi ba dabarar mulki ba ce, kuma rundunar ta ƙara wauta a kan wauta da ta biyo da kamammun ta kusa da Degel, a idon 'yan'uwansu. Mutanen Shehu suka fito suka kwance su.

Daga nan magana ta ɓaci. Yunfa ya aika wa Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai, ya bar jama'a. Shehu ya ƙi rabuwa da su, ya yi hijira zuwa Gudu cikin Fabrairu 1804. Mahayan Gobir suka riƙa tare masu binsa a hanya, suna kisa suna ƙwace. Cikin Yuni aka haɗu a Tabkin Kwatto. Yunfa na da 'yan lifidi da Azbinawa, jama'a kuwa yawancinsu maharba ne, Abdullahi ɗan Fodiyo na jagorantarsu, amma Gobirawa aka kora. Sa'an nan Yunfa ya aika wa sauran sarakunan Hausa da gargaɗi su kashe wutar tun ba ta ci su ba, su kuma suka faɗa wa mabiyan Shehu da ke ƙasashensu.

Ba a nan ya ƙare ba. A ƙarshen 1804 Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'a mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka ce mutum wajen 2,000 suka mutu, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Birnin ya jure hari bayan hari, sai cikin Oktoba 1808 Muhammadu Bello ya ci shi, aka kashe Yunfa tare da jarumansa.

Gobirawa suka watse. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen 1860, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku, Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri ya komo bakin Rima, ya kafa Sabon Birni kusa da kufan kakanninsa.