Fausto Coppi: Gwanin hawan tsaunuka da sauron Fadan Gurma ya kayar

An haifi Fausto Coppi ranar 15 ga Satumba, 1919, a Castellania, wani ɗan ƙauye da ke kan tudu a yankin Piemonte na arewacin Italiya, inda gonakin inabi suka lulluɓe gangare, daji kuma ya rufe kawunan tuddai. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya biyar na wani ƙaramin manomi mai suna Domenico. Ya tashi siriri, mai dogayen ƙafafu, ba shi da jikin noma. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi garin Novi Ligure ya zama yaron shagon wani mai sayar da nama, aikinsa kai wa masu saye kaya a kan keke. Tsakanin garin da ƙauyensu kimanin kilomita 20 ne, da safe gangara, da yamma hawa, kuma hanyar tsakuwa ce, ƙura da rani, taɓo da sanyi.

Wanda ya taɓa barin kwalta a bayan Minna ya bi burjin da ke shiga ƙauyukan Gwari, ya ga manomi na fama da keke ɗauke da doya a kan hawa, ya san irin makarantar da yaron nan ya yi. Tsakuwa tana da nata horon. Mai hawa dole ya zauna daram a kan sirdi, domin da zarar ya miƙe tsaye tayar baya sai ta zame. A gangara dole ya sassauta hannu ya bar keken ya nemi hanyarsa, kada ya danne birki a tsakiyar kwana, idonsa kuma ya riga tayarsa isa kowane rami. A yau masu hali sukan zo daga ƙasashe masu nisa da kekuna masu faɗin taya, waɗanda aka ƙera musamman domin tsakuwa, su bi waɗannan tuddai don nishaɗi, kuma tun 1997 ake wani taron shekara-shekara mai suna L'Eroica a yankin Chianti, inda ake hawa tsofaffin kekuna a kan fararen hanyoyin da ke ratsa gonakin inabi. Abin da suke biyan kuɗi su ɗanɗana shi ne abin da rashi ya ɗora wa Coppi kullum safiya.

A Novi Ligure ne ya haɗu da Biagio Cavanna, wani makaho mai yi wa 'yan tsere tausa, wanda ya taɓa yi wa gwarzon ƙarnin baya Costante Girardengo aiki. Da tafin hannu Cavanna yake gane ɗan tsere: ya lalubi cinya da wuya, ya saurari bugun zuciya. Ya karɓi yaron, ya tsara masa abinci da barci da atisaye, ya kuma zama mai ba shi shawara na shekaru masu yawa.

A 1940 ƙungiyar Legnano ta ɗauke shi domin ya yi wa tauraronta Gino Bartali hidima a gasar Giro d'Italia, wadda ake zagaya ƙasar cikin kimanin mako uku. Bartali ya faɗi ya ji ciwo tun farkon gasar, sai bara ya zama ubangida: Coppi ya lashe ta yana ɗan shekara 20, kuma har yau ba a sami wanda ya ci ta da ƙarancin shekaru kamarsa ba. Washegarin kammala ta, 10 ga Yuni, Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Aka sa shi soja. A Nuwamban 1942, a filin Vigorelli na Milan, ya kafa tarihin duniya na tafiyar awa ɗaya da sama da kilomita 45, tarihin da ya tsaya har 1956. Bayan 'yan watanni aka tura shi fagen daga a Tunisiya, sojojin Ingila suka kama shi a Afrilun 1943, bai sami kansa ba sai 1945. Yaƙi ya cinye masa shekarun da ɗan tsere ke kan ganiyarsa.

Ƙasar da ya komo ya tarar ta zama kufai, gadoji a karye, hanyoyi duk ramin bam. A kan irin waɗannan hanyoyi, a Maris na 1946, ya ci tseren Milan zuwa San Remo, ya yi kusan rabin tafiyar shi kaɗai, ya bar na biyu da tazarar minti 14. Mutanen da aka ci da yaƙi suka sami abin ɗaga kai.

Ranar da ta fi zama a bakin jama'a ita ce 10 ga Yuni, 1949, a zangon Cuneo zuwa Pinerolo na gasar Giro: kilomita 254, da mashigan tsauni biyar, Maddalena da Vars da Izoard da Montgenèvre da Sestriere. Yawancin hanyoyin saman tsaunukan a wancan zamani ba su san kwalta ba, ga sanyi ga ruwa, 'yan tsere kuma suna rataye da tayar ko-ta-kwana a kafaɗa domin faci ba ya sallama. Hankali ya ce a bi ayari a adana ƙarfi sai tsauni na ƙarshe, domin wanda ke gaba shi ke shan iska, na baya suna fakewa da shi. Coppi ya ɓalle tun a tsauni na farko. Ya yi kilomita 192 babu kowa a gefensa, ya isa Pinerolo kusan minti 12 kafin Bartali, wanda ya zo na biyu. A watan da ya biyo ya lashe Tour de France, ya zama mutum na farko da ya haɗa manyan gasannin biyu a shekara guda. Ya sake haɗa su a 1952, ya zama zakaran duniya a Lugano a 1953, ya kuma ci Giro sau biyar jimilla.

Gabarsa da Bartali ta raba Italiya gida biyu. Bartali mutum ne mai riƙon addini, gwanin dattawa da limaman coci. Coppi kuwa shi ne fuskar sabon zamani, mai auna abinci, mai sauya tsarin atisaye, mai tsara 'yan ƙungiyarsa ta Bianchi kowa da aikinsa. Zamanin yana da nasa dattin: shi da bakinsa ya amsa cewa yana shan ƙwayoyin ƙara kuzari, waɗanda a lokacin ba a hana su ba.

Daga nan duniya ta fara juya masa baya. Ƙanensa Serse, abokin tserensa kuma mai kwantar masa da hankali, ya faɗi a kan layin jirgin cikin gari a Turin a Yunin 1951, ya rasu a ranar. Shi kansa ya sha karaya, har da ta ƙugu a 1950. Sannan ya bar matarsa ya koma zama da matar wani likita, Giulia Occhini, a ƙasar da babu saki a dokarta a lokacin. Kotu ta yanke musu hukuncin ɗauri na jingina a 1955, kuma da yawa cikin masu tafa masa suka koma tofar da yawu. Ya ci gaba da tsere har ya kai shekara 40, ƙarfi ya tafi, suna kawai ke cika fili. Har an shirya cewa a 1960 zai yi wa ƙungiyar San Pellegrino tsere, a ƙarƙashin jagorancin tsohon abokin gabarsa Bartali.

A Disambar 1959 gwamnatin Maurice Yaméogo ta ƙasar Haute-Volta, wadda ake kira Burkina Faso yanzu, ta gayyaci fitattun 'yan tseren Turai bikin cikar jamhuriyar shekara ɗaya. Ranar 13 ga wata aka yi tsere a Wagadugu, Jacques Anquetil na Faransa ya zo na ɗaya, Coppi na biyu. Daga nan aka kai baƙin farauta gabashin ƙasar, suka sauka a Fadan Gurma, garin da ke kan hanyar Wagadugu zuwa Yamai, a ƙasar da fataken Hausa suka daɗe suna ratsawa zuwa Gwanja neman goro. Coppi ya kwana ɗaki ɗaya da Bafaranshe Raphaël Géminiani, babu gidan sauro, suka kwana suna kai wa sauro duka.

Suka koma Turai lafiya lau. Kafin ƙarshen wata zazzaɓi ya kwantar da su duka biyun, ɗaya a Faransa, ɗaya a Italiya. Géminiani ya kai ga fita hayyacinsa a Clermont-Ferrand, amma aka aika jininsa Cibiyar Pasteur ta Paris, aka gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro mai suna falciparum, wadda ta fi kowace kisa, ita ce kuma ta fi yawa a ƙasar Hausa. Aka ba shi kwinin, ya farfaɗo. Iyalansa suka buga waya Italiya suka faɗi abin da aka gano, domin mutum biyun ɗaki ɗaya suka kwana. Likitocin Coppi ba su ɗauka ba. Sun riga sun tsayar da cewa mura ce mai tsanani da ta sauka a huhu, suna ba shi magungunan kashe ƙwayoyin cuta da kotizon, wanda ke rage wa jiki garkuwa. Aka kai shi asibitin Tortona ranar 1 ga Janairu, 1960, ya cika da safiyar 2 ga wata.

Abin takaicin ya wuce a ce rashin sani ne. Sunan da Turawa ke kiran ciwon da shi, maleriya, daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa mummunar iska. Masanin Italiya ne, Giovanni Battista Grassi, tare da abokan aikinsa, ya tabbatar a 1898 cewa wani jinsin sauro ne ke ɗaukar cutar tsakanin mutane. Amma bayan yaƙi an yi wa sauro feshi har ciwon ya kusa ɓacewa daga ƙasar, likitoci suka daina sa ran ganinsa. Mutum ya dawo daga Afirka ta Yamma mako biyu da suka wuce, yana zazzaɓi yana rawar sanyi, abin da kowace uwa a Bosso ko Chanchaga za ta fara zato ke nan. Ɗigon jini ɗaya a ƙarƙashin madubin likita ya isa ya raba gardama, ga kuma saƙo ya zo daga wajen waɗanda suka duba suka gani.

Ranar 4 ga Janairu dubun dubatar mutane suka haura tudun Castellania domin jana'izarsa. Motoci suka toshe 'yar hanyar, jama'a suka ratsa gonaki da ƙafa cikin taɓo, Bartali yana cikinsu. A ƙauyen aka binne shi, kuma a yau kabarinsa yana tare da na Serse. A 2002 aka ta da zancen cewa guba aka sa masa a Afirka, masu gabatar da ƙara na Tortona suka bincika, suka rufe maganar ba tare da samun hujja ba. A 2019, shekara ɗari da haihuwarsa, aka sauya wa ƙauyen suna zuwa Castellania Coppi. Géminiani, wanda aka ba kwinin, ya rasu a Yulin 2024 yana da shekara 99.