J.R.R. Tolkien: Malamin da har yau ake gardama kan mutanen littafinsa

Sama da shekara 50 ke nan da mutuwar John Ronald Reuel Tolkien, amma har gobe masoyan littattafansa ba su daina cacar baki ba kan yadda aka nuna mutanen labarinsa a fim. Da yawa sun kalli The Lord of the Rings, fim ɗin nan mai kashi uku na wani zobe da ke lalata zuciyar duk wanda ya riƙe shi, amma kaɗan ne suka san marubucin. To sai ka san rayuwarsa sannan za ka gane abin da ya sa gardamar ke da zafi, domin wasu daga cikin mutanen da fim ya sauya wa hali, daga rayuwar tasa ya ciro su.

An haife shi ranar 3 ga Janairun 1892 a Bloemfontein da ke Afirka ta Kudu, inda mahaifinsa ke aikin banki. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Mabel ta tafi da shi da ƙanensa Ingila, uban kuma ya mutu a 1896 ba su sake ganawa ba. Ita ce ta fara koya masa Latin a gida, kusa da birnin Birmingham. Da ta koma ɗariƙar Katolika a 1900, dangi suka janye tallafin da suke ba ta, talauci ya yi musu sallama. Ciwon sukari ya yi ajalinta a 1904, yaron na da shekara 12, riƙonsa ya koma hannun wani limamin coci, Francis Morgan.

Yana ɗan shekara 16 ya haɗu da wata marainiya irinsa, Edith Bratt. Mariƙin nasa ya ga soyayya za ta ci karatu, ya hana shi ko rubuta mata wasiƙa sai ya cika 21. Ya yi biyayya. Da ya cika shekarun ya rubuta mata, ashe har an yi mata baiko da wani. Ta warware, suka yi aure a watan Maris na 1916, bayan ya kammala jami'ar Oxford.

Ba a daɗe da auren ba aka tura shi Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a matsayin hafsan sadarwa. Ya halarci gumurzun Somme, inda biyu daga cikin aminansa na makaranta suka kwanta dama. Shi kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa a ramukan yaƙi ne ya kwantar da shi, aka mai da shi gida. A ramukan nan ya ga juriyar ƙananan sojoji da masu yi wa hafsoshi hidima, ya ɗauke su sun fi shi. Daga baya ya bayyana cewa su ya tuna da ya ƙirƙiro Sam, mai kula da lambun nan da ya raka maigidansa Frodo har bakin dutsen wuta.

Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, ya koyar a Leeds, a 1925 ya zama farfesan tsohon Turanci a Oxford. Tun yana yaro yake ƙago harsuna, kuma labaransa sun samo asali ne daga neman mutanen da za su yi magana da harsunan. Albashi ba ya isa, ga 'ya'ya huɗu, sai yake karɓar gyaran takardun jarrabawa lokacin hutu. A kan wani shafi da ɗalibi ya bari babu rubutu ya rubuta layin farko na The Hobbit. Mai kamfanin ɗab'i ya ba ɗansa mai shekara 10 ya karanta, ya biya shi sule ɗaya, yaron ya ce a buga. Littafin ya fito a 1937. Ci gabansa, The Lord of the Rings, ya ci masa kusan shekara 12, ya fito a juzu'i uku a 1954 da 1955.

A tsakiyar rubutun, a 1944, wani mutum ya faɗo cikin labarin ba tare da an shirya masa ba: Faramir, sojan da ke yaƙi don kare garinsu amma ba ya ƙaunar yaƙin, ya fi son karatu. Tolkien ya ce in akwai wanda ya yi kama da shi a littafin, to Faramir ne. Har wani mafarki da ya daɗe yana damunsa, na wata ƙatuwar igiyar ruwa da ke shanye ƙasa, shi ya ba.

Shi ne ma ya fara wannan gardama ta fim. A 1957 wasu Amurkawa suka kawo masa tsarin labarin da suke son mayarwa fim. Ya bi shi shafi-shafi kamar takardar ɗalibi. Ya ga an ɓata sunaye, an mai da manyan mikiyoyin labarin tamkar motocin haya. Ya nuna cewa a ɓata masa halayen mutanensa ya fi masa ciwo a kan a taɓa zubin labari ko wuraren da ya faru. Wannan fim bai yiwu ba. Amma a 1969 ya sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin yin fim, abin ya fita hannunsa. Edith ta mutu a 1971, shi kuma ranar 2 ga Satumban 1973 yana da shekara 81. Kabari ɗaya aka yi musu a Oxford.

Peter Jackson ya ɗauki finafinansa a New Zealand, suka fito a 2001, 2002 da 2003, na ƙarshen ya lashe kyautar Oscar 11. Kasuwa ta yi kyau, amma masu karatu suka ce da sake. A littafi, Aragorn ya san shi magajin sarauta ne, yana kuma nemanta. A fim gudunta yake yi. Gimli, jarumi mai kamun kai, ya koma ɗan barkwanci. Tom Bombadil kam ko ƙeyarsa ba a gani ba. Sai kuma inda aka sa Frodo ya kori Sam saboda makircin Gollum, abin da babu shi a littafi sam.

Amma babu inda aka fi tayar da jijiyar wuya kamar kan Faramir. A littafi, zoben ya zo hannunsa a ɓagas, ya ƙi ko kallonsa, ya sallami Frodo da guzuri. A fim kuwa ya tasa ƙeyar Frodo da Sam zuwa Osgiliath da niyyar kai wa mahaifinsa zoben, sai daga baya ya sake su. Mafarkin igiyar ruwan ma, a dogon zubin fim na uku, wata mace aka ba, Eowyn.

Marubutan fim ɗin suna da hujjarsu. Sun ce sun kwashe sa'o'i suna nuna wa mai kallo cewa babu mai tsira daga sharrin zoben, in wani ya zo ya ture shi cikin sauƙi, ai zoben ya zama wasan yara. Masu karatu kuma suka ce nan ne fa aka rasa gane littafin, domin Tolkien so yake ya nuna akwai mutumin da mulki zai zo har gabansa ya ce ba ya so, kuma in aka cire wannan, an cire marubucin daga labarinsa. Ɗansa Christopher, wanda ya fitar da The Silmarillion a 1977, ya koka a wata hira da jaridar Le Monde a 2012 cewa an mai da aikin mahaifinsa fim ɗin faɗa na matasa.

Gaskiya dai finafinan sun jawo wa littattafan masu karatu da ba su taɓa jin sunan Tolkien ba, wannan ba abin rainawa ba ne. Sai dai a batun Faramir, hujjar masu karatu ta fi nauyi, tunda mai labarin da kansa ya faɗi abin da ya fi ƙi tun kafin a haifi Peter Jackson. Wanda fim kawai ya kalla, ya nemi juzu'i na biyu, The Two Towers, ya karanta haɗuwar Faramir da Frodo a dajin Ithilien, sannan ya shiga gardamar.