Ralph Teetor: Makahon da ya ƙirƙiro na'urar daidaita gudun mota

Motoci da dama da ke bin titin Kano zuwa Zariya, musamman 'yan Kwatano irin su Camry da Accord, suna ɗauke da wasu 'yan maɓallai a jikin sitiyari, ko wani ɗan hannu a gefensa, da aka rubuta wa SET da RES da CANCEL. Direba yakan yi shekaru da mota bai taɓa danna su ba, wani don tsoro, wani kuma don ba a taɓa gaya masa amfaninsu ba.

Maɓallan na na'urar daidaita gudu ne. Idan aka kunna ta, mota takan riƙe gudun da direba ya zaɓa ba tare da ƙafarsa tana kan totur ba. Wanda ya ƙirƙiro ta wani injiniya ne ɗan ƙasar Amurka mai suna Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya kuma yi sama da shekara 80 a duniya ba ya gani. Tarihinsa yana taimakawa wajen fahimtar abin da na'urar ke iya yi, da abin da ya fi ƙarfinta.

Yadda ya rasa idanunsa

An haifi Ralph Teetor ranar 17 ga Agusta, 1890, a Hagerstown, wani ƙaramin gari a jihar Indiyana. Yana da shekara 5 ya ji rauni a ido ɗaya da wuƙa. Ba a daɗe ba ɗayan idon ma ya kamu, domin akwai wata lalura da likitoci suka sani, wadda raunin ido ɗaya kan sa garkuwar jiki ta afka wa mai lafiyar. Cikin kimanin shekara guda ya daina gani gaba ɗaya.

Abin da ya taimake shi shi ne gidan da ya taso. Mahaifinsa da baffanninsa masu sana'ar ƙere-ƙere ne, suna da masana'antar da ta fara da ƙera wani keke mai ƙafa huɗu da ma'aikatan jirgin ƙasa ke hawa su duba layin dogo. Ba su ajiye yaron a gida ana tausaya masa ba. Sun bar shi yana shiga wurin aiki yana shafa ƙarafa, yana koyon kowane kayan aiki da hannu da kunne. Yana da shekara 12, shi da wani ɗan uwansa suka haɗa wata 'yar ƙaramar mota mai amfani da fetur.

Ya koyi yawo a garin shi kaɗai ta hanyar ƙirga taku da sauraron amsa-kuwwar takalminsa a jikin gine-gine.

A garuruwanmu, yaron da ya makance a wannan shekarun sau da yawa hanyar bara ake nuna masa. Shi kuwa dangin Teetor hanyar makaranta da wurin sana'a suka nuna masa, kuma daga nan komai ya biyo baya.

Jami'a da jiragen yaƙi

Shiga jami'a bai zo masa da sauƙi ba, domin a lokacin ba a ganin makaho zai iya karatun injiniya mai cike da zane da lissafi. Wata 'yar uwarsa da ke karatu a Jami'ar Pennsylvania ce ta shawo kan shugaban sashen ya ba shi dama. Ana karanta masa littattafai, shi kuma yana riƙe siffar kowane inji a ƙwaƙwalwarsa. A 1912 ya kammala digirinsa na injiniyan ƙere-ƙere.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar ruwan Amurka ta yi fama da wata matsala a jiragen yaƙinta. Manyan farfelolin injin tururi da ke juyawa da matuƙar gudu sukan riƙa karkarwa idan nauyinsu bai daidaita ba, kamar yadda sitiyari kan yi rawa idan ba a yi wa taya balansin ba. Teetor ya fito da hanyar daidaita su suna cikin juyawa, kuma kaifin jin da yake da shi a hannu ya taimaka masa ƙwarai.

Bayan yaƙin ya koma kamfanin danginsu, wanda daga baya ya zama Perfect Circle, ya kuma shahara wajen ƙera zoben fistin. Wannan zoben shi ne ringin da bakanike kan ce ya mutu idan mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai. A 1936 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE. Daga 1946 zuwa 1957 kuma shi ne shugaban Perfect Circle.

Inda tunanin ya samo asali

Da yake ba ya gani, wasu ne ke tuƙa shi, kuma fasinjan da ba ya kallon hanya ya fi kowa jin motsin mota a jikinsa. Labarin da iyalinsa ke bayarwa shi ne, lauyansa yana da wata ɗabi'a idan yana tuƙi: in yana magana sai ya rage gudu, in yana sauraro sai ya ƙara wuta. Wannan ja-da-saki ya dami Teetor har ya fara tunanin na'urar da za ta riƙe gudu a wuri ɗaya.

Akwai kuma wani dalili na zamanin. A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta taƙaita gudun mota zuwa mil 35 a awa, kimanin kilomita 56, domin tattalin fetur da robar taya. Riƙe mota a irin wannan gudu a doguwar hanya abu ne mai wuya ga ƙafar ɗan Adam.

Ya shafe shekaru yana gwaji. A 1948 ya nemi takardar mallakar fasahar, aka ba shi ranar 22 ga Agusta, 1950. Sunan da ya zaɓa wa na'urar shi ne Speedostat.

Yadda ta farko ke aiki

Teetor ya ɗora aikinsa ne a kan wata tsohuwar dabara. Tun 1788 James Watt ya sa wa injin tururi wata na'ura mai ƙwallayen ƙarfe da ke juyawa tare da injin. Idan gudu ya ƙaru sai ƙwallayen su buɗe su rage tururi, idan ya ragu sai su rufe su ƙara. Makanikai suna kiran irin wannan na'ura gwamna, kuma akwai ta a janaretan gida. Ita ce ke sa janareta ya canza murya idan aka jona dutsen guga, domin tana ƙara masa mai ya jure nauyin da aka ɗora masa.

A na'urar Teetor, direba zai zaɓi gudun da yake so a wani ɗan makunni da ke gabansa. Gwamnan yana juyawa daidai da gudun motar. Da zarar an kai gudun da aka zaɓa, sai wani fistin mai aiki da zuƙar iskar injin ya turo totur ya tokare ƙafar direba. Idan direba ya bar ƙafarsa a daidai wurin tokarewar, mota za ta tsaya a wannan gudu. Idan kuma yana so ya wuce wata mota, sai ya ƙara ƙarfi ya danne.

Ke nan ta farkon gargaɗi take yi, ƙafa ba ta hutawa. Ta ɗan yi kama da na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanyawa a watan Fabrairun 2017, sai dai ita ta motocin haya ba ta barin a wuce iyakar da aka sa mata. Daga baya Teetor ya ƙara wa tasa makullin da ke riƙe totur da kansa, wanda ke saki da zarar an taɓa birki.

Kamfanin Chrysler ne ya fara sa ta a motocinsa na alfarma na 1958, ciki har da Imperial, da sunan Auto-Pilot. Cadillac ya biyo baya ya kira ta Cruise Control, sunan da ya bi ta har yau. Kasuwarta ta buɗe sosai bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka mai, gwamnati kuma ta taƙaita gudu zuwa mil 55 a awa, kimanin kilomita 89, a 1974.

Yadda ta yau ke aiki

Motocin yanzu sun daina amfani da ƙwallayen ƙarfe, amma aikin guda uku ne kamar da: aunawa, kwatantawa da gyarawa. Wata 'yar na'ura a jikin taya ko giya tana ƙirga juyi tana aika wa kwamfutar mota. Kwamfutar tana kwatanta wannan gudu da wanda direba ya zaɓa. Idan ta ga bambanci, sai ta buɗe ko ta rufe hanyar iskar injin, mai kuma ya ƙaru ko ya ragu. Tana maimaita wannan sau da yawa a cikin daƙiƙa guda.

A ɗauka direba ya baro Kano, ya samu fili a yankin Bebeji, malejinsa ya nuna 90. Sai ya kunna na'urar, ya danna SET, ya ɗage ƙafa. Idan mota ta fara hawan tudu gudu ya sauka zuwa 87, kwamfuta za ta ga giɓin kilomita 3 ta ƙara wuta har a dawo 90. Ba ta zuba wutar gaba ɗaya lokaci guda. Tana ƙarawa gwargwadon girman giɓin, don kada mota ta riƙa zabura tana lafawa, wato abin da ya dami Teetor tun farko.

Taɓa birki, ko kuloci a mota mai giyar hannu, yana katse aikinta nan take, haka ma danna CANCEL. Maɓallin RES yana mayar da mota gudun da aka zaɓa a baya. Alamun ƙari da ragi suna ɗaga gudun ko sauke shi kaɗan-kaɗan. A yawancin motoci ba ta kamawa sai gudu ya kai kimanin kilomita 40 a awa.

Amfaninta a fili yake. Ƙafa tana hutawa a doguwar tafiya. Tana hana direba zarce iyakar kilomita 100 a awa da doka ta sa wa ƙananan motoci a kan tagwayen manyan hanyoyi ba tare da ya ankara ba. A shimfiɗaɗɗiyar hanya kuma tafiya da gudu ɗaya takan rage shan mai, abin da ya ƙara muhimmanci tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

Inda bai kamata a kunna ta ba

Abu ɗaya na'urar ta sani, shi ne yawan juyin taya. Ba ta ganin rami, ba ta ganin shingen jami'an tsaro, ba ta san garken shanu na tsallaka titi ba. Idan direba ya iso Kwanar Dangora inda motoci, babura da masu talla ke cakuɗuwa, za ta shiga da gudun 90 ɗin da aka ba ta muddin bai taka birki ba.

Haka idan aka karkata aka ɗauki hanyar Tudun Wada zuwa dajin Falgore da tuddan Doguwa. A kwana, direba ne ya san ya kamata a rage gudu. A gangara kuma, tsofaffin nau'o'in na'urar ba sa taka birki, iyakarsu su janye wuta, don haka mota mai kaya tana iya zarce gudun da aka zaɓa.

Lokacin damina haɗarin ya fi yawa. Idan ruwa ya kwanta a kwalta, taya tana iya rabuwa da ƙasa ta hau kan ruwan, kuma abin da ake buƙata a lokacin shi ne a sassauta wuta a hankali, ga shi ƙafar direba ba ta kan totur. Shi ya sa littattafan da ke zuwa da motoci suke gargaɗin kada a yi amfani da ita a hanya mai santsi, mai cunkoso ko mai yawan kwana. Hazon hunturu da tafiyar dare ma suna cikin lokutan da ya fi kyau a kashe ta. Direban da gyangyaɗi ya ɗauka da ƙafarsa a kan totur wani lokaci gudunsa kan ragu, amma idan na'urar ce ke riƙe da mota, za ta ci gaba da gudunta.

Akwai sabon nau'i da ke auna tazarar motar gaba. Mitsubishi ya fito da irinsa a Japan a 1995, Mercedes-Benz kuma ya kawo mai amfani da rada a 1999. Wannan yana rage gudu idan na gaba ya rage, wasu har birki suke takawa. Duk da haka kamfanonin da ke ƙera su suna gargaɗin cewa ba kullum suke gane abin da ke tsaye cak a kan hanya ba, don haka lura da titi yana nan a wuyan direba.

Ƙarshen rayuwarsa

Teetor ya sauka daga shugabancin Perfect Circle a 1957, kafin motocin farko masu ɗauke da na'urarsa su bazu a kasuwa. A 1963 kamfanin ya koma ƙarƙashin Dana. Shi kuwa ya ci gaba da zama a Hagerstown, garin da aka haife shi, yana ƙere-ƙerensa a wurin aikin da ya tanada a gida.

Ya rasu ranar 15 ga Fabrairu, 1982, yana da shekara 91. A 1988 aka sa sunansa a zauren karrama gwarazan masana'antar motoci na Amurka, a 2024 kuma aka shigar da shi zauren karrama masu ƙirƙira na ƙasar. 'Yarsa ta rubuta tarihinsa a wani littafi mai suna One Man's Vision, wanda ya fito a 1995.