Baba Yara (1936-1969): Sarkin 'Yan Wasan Gefe Na Ƙasar Gana

An haifi Osman Seidu, wanda aka fi sani da Baba Yara, a birnin Kumasi cikin shekarar 1936. Ya shiga ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Asante Kotoko a 1955, kuma a wannan shekara aka kira shi tawagar ƙasa, tun Gana tana amsa sunan Gold Coast a ƙarƙashin Turawan Ingila. A shekarar ce tawagar ta lallasa Nijeriya da ci 7 da nema a Akara, kayen da har yau Nijeriya ba ta sha wanda ya fi shi muni ba. Yara, wanda bai cika shekara 20 ba, shi ya jefa biyu daga ciki, yana wasa a gefen dama.

Bayan samun 'yanci a 1957, Kwame Nkrumah ya ɗauki ƙwallo a matsayin makamin haɗa kan ƙasa, ya damƙa ragamar wasanni ga Ohene Djan. Shi kuwa Djan ya kafa ƙungiyar Real Republikans, ya riƙa tsinto fitattun 'yan wasa daga sauran ƙungiyoyi domin su zama ƙashin bayan tawagar Black Stars. A 1961 aka ɗauke Yara daga Kotoko. Dabarar ta amfani tawagar ƙasa, amma ta yi wa Kumasi ciwo, don kuwa da ma can ƙasar Asante ba ta ga-maciji da gwamnatin Nkrumah.

Ranar 24 ga Maris, 1963, motar 'yan Republikans ta yi haɗari a Kpeve, suna dawowa daga wasa a yankin Volta. Yara ya ji rauni a lakarsa. Aka kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya dawo gida bisa keken guragu yana ɗan shekara 26. Cikin Disambar shekarar, Gana ta doke Sudan da ci 3 da nema a Akara ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, ta sake ɗauka a Tunisiya a 1965. Babu sunansa cikin waɗanda suka ɗaga ko ɗaya, alhali da shi aka gina tawagar.

Juyin mulkin 1966 ya tafi da Nkrumah, Republikans ma ta watse. Yara ya rasu a asibitin Korle Bu da ke Akara ranar 2 ga Mayu, 1969. A zamanin Shugaba John Kufuor aka sa wa babban filin wasa na Kumasi sunansa, inda Kotoko ke karɓar baƙinta.