Michael Thonet, Kafintan Da Ya Tanƙwara Itace

An haifi Michael Thonet ran 2 ga watan Yuli, 1796, a Boppard, wani ƙaramin gari a bakin kogin Rhine cikin ƙasar Jamus. Ubansa majemi ne, amma shi bai gaji jima ba, aikin kafinta ya koya. Cikin 1819 ya buɗe shago nasa na kansa.

A zamanin nan, in kafinta yana son ƙafar kujera mai lanƙwasa, sai ya sami ƙaton katako ya yi ta sassaƙa har siffar ta fito. Aikin yana cin lokaci, yana ɓarnar itace, kujerar kuwa sai mai hali. Thonet ya ga gara a tanƙwara itacen. Tun wajen 1830 ya shiga gwaji, yana yanka katako falle-falle, ya dafa cikin ruwan gam, sa'an nan ya matse har ya bushe a lanƙwashe. Kujerun suka fito da kyau, ba nauyi, amma bashin da ya ci wajen wannan aiki ya fi ƙarfinsa.

Ana cikin haka, a wani bajekoli da aka yi a Koblenz cikin 1841, Yarima Metternich, wazirin daular Ostiriya, ya ga kayansa, ya shawarce shi ya koma Biyana, babban birnin daular. Ya koma cikin 1842, masu binsa bashi kuwa suka sayar da abin da ya bari a gida. Mutum mai shekara 46, ga iyali, ya koma aiki ƙarƙashin wani. Shi da 'ya'yansa suka yi shekaru suna yin daɓen katako da kujeru a fadar Liechtenstein, sai cikin 1849 ya sake tsayawa da ƙafarsa.

Abin da ya yi cikin 1853 ya cancanci a lura da shi, domin sana'o'i da yawa sukan bi mai su kabari. Tun yana da ƙarfinsa ya mallaka wa 'ya'yansa maza biyar kamfanin, watau Franz da Michael da August da Josef da Jakob, aka sa masa suna Gebrüder Thonet, ma'ana 'yan'uwa Thonet. Shi kuwa ya ci gaba da jan ragamar aikin har ƙarshen ransa.

Saura matsala guda: gam yakan saki in kujera ta je ƙasa mai zafi da laima. Maganin da suka samo shi ne a turara sandar itace sukutum har ta yi laushi, a ɗaure mata siririn ƙarfe ta bayanta don kada ta tsage, a lanƙwasa ta a kan mazubin ƙarfe, a bar ta ta bushe. Cikin 1856 suka sami takardar gwamnati mai kare wannan dabara, suka kuma kafa masana'anta a Koritschan cikin lardin Morabiya, inda dazuzzukan itacen bich suke. Aikin bai bukatar gwanin kafinta. Maza 'yan ƙauye ke tanƙwarawa, mata da yara suna gogewa da saƙa mazauni da kwagiri, kuma arahar ladansu tana cikin dalilan arahar kujerar.

Daga nan ne kujera mai lamba 14 ta fito cikin 1859. Itace shida ce da kusoshi masu murɗi goma da noti biyu. Ana aika ta a warware, har guda 36 su shiga akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, a harhaɗa su in sun isa. Gidajen shan gahawa na Turai suka cika da ita, ta sami lambar zinariya a Faris cikin 1867, kuma ya zuwa 1930 an sayar da wajen miliyan 50.

Thonet ya rasu a Biyana ran 3 ga watan Maris, 1871, shekara biyu bayan wa'adin takardar tasa ya cika, masu kwaikwayo sun yi yawa. 'Ya'yan ba su watse ba. Cikin 1889 aka buɗe wata masana'anta a Frankenberg ta Jamus, ita ce kuwa ta ceci gidan daga baya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin gabashin Turai suka ƙwace masana'antun da ke ƙasashensu, sai Georg Thonet, tattaɓa-kunnen mai gidan, ya tayar da ta Frankenberg wadda yaƙi ya rushe. A can ne kamfanin yake har yau, yana yin kujerar da sabuwar lamba, 214. Masana'antar Bystrice da aka kafa a Morabiya cikin 1861 ita ma tana nan cikin Jamhuriyar Cek, tana tanƙwara itace da sunan TON tun 1953.