Blaise Diagne: Ɗan Senegal da ya nema wa sojojin Afirka 'yancin zama 'yan ƙasar Faransa

An haifi Blaise Diagne a tsibirin Gorée na Senegal a 1872. Ya yi aikin kwastam kafin ya zama baƙar fatar Afirka na farko a majalisar dokokin Faransa a 1914.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi tsanani, Faransa ta matsu da neman sojoji. Diagne ya dage cewa duk wanda zai zubar da jininsa saboda ƙasa ya cancanci zama ɗanta.

A 1915 ya sa aka yi dokar shigar da 'yan asalin Dakar, Gorée, Rufisque da Saint-Louis aikin soja daidai da Faransawa. Dokar 1916 ta tabbatar musu da zama 'yan ƙasa, su da zuriyarsu.

A 1918 ya jagoranci ɗaukar sojoji sama da 60,000 a Afirka ta Yamma, bisa alƙawarin sauƙaƙa musu samun wannan matsayi. 'Yan kaɗan ne suka samu, shi ya sa wasu suka zarge shi da cefanar da jinin 'yan'uwansa.

Ya rasu a 1934. Sai a 1946 doka ta game ɗaukacin mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka.