Tarihin Marigayi Fela Sowande, Makaɗi Kuma Malamin Jami'a

A sassan koyar da kiɗa na jami'o'i akwai wata al'ada daɗaɗɗiya, wato malamai su keɓe rana su zauna gaban ɗalibai da baƙi, su kaɗa abin da manyan masana suka rubuta, domin a ji da kunne abin da ake karantawa a aji. Shekaru masu yawa sunayen Turawa ne suka cika takardar jerin kiɗe-kiɗen irin wannan zama. Daga cikin 'yan Afirka na farko da suka kutsa cikin jerin akwai Fela Sowande, wanda ake ɗauka uba ga masu rubuta kiɗa a Nijeriya.

An haifi Sowande ran 29 ga Mayu, 1905. Bayarabe ne, mahaifinsa kuwa limamin coci ne na ɗarikar Angalika, mai sha'awar waƙoƙin ibada. Ya yi karatu a Ikko, a nan ne kuma ya shiga hannun T. K. E. Phillips, makaɗin babban cocin garin, wanda ya koya masa ogan, wato babban abin kiɗan nan mai bututai da ake sarrafawa da yatsu da ƙafafu. A wurin wannan malami ya saba da kiɗan Turai, ya kuma ga yadda ake ɗora waƙar Yarbanci a kan ogan ba tare da an ɓata hawa da saukar muryar harshen ba.

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniya, amma kiɗa ya rinjaye shi. Da yake ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, sai ya shiga kaɗa jaz a gidajen rawa don ya ci da kansa. Cikin ɗan lokaci ya yi suna, har ya kaɗa piyano tare da Fats Waller, ya kuma yi wa mawaƙiya Adelaide Hall kiɗa. Duk da haka bai saki karatu ba. A 1943 ya ci babbar jarrabawar kwalejin makaɗan ogan ta Ingila, ya haɗa da kyaututtuka uku, ya kuma sami digirin kiɗa na Jami'ar Landan. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan kuma jagoran mawaƙa a zauren Kingsway na ɗarikar Metodis.

To, a nan ne muhimmancin rayuwarsa yake. Mutumin da ya kai wannan matsayi yana iya ƙare kwanakinsa yana maimaita kiɗan Bach, a yi ta yaba masa. Shi kuwa sai ya waiwayi gida, ya ɗauko karin waƙoƙin da ya tashi da su, ya gina manyan ayyuka a kansu. A 1944 ya rubuta African Suite domin goge-gogen Turawa, mai kashi biyar, inda ya aro kari biyu daga Ephraim Amu na ƙasar Gana. Ya kuma rubuta wa ogan ayyuka irin su Oyigiyigi da Ka Mura da Obangiji. Sunan na ƙarshen nan abin lura ne ga ɗalibin Hausa, domin kalmar Ubangiji ce Yarbawa suka ara, ta zauna cikin harshensu, har ta zama sunan kiɗan da ake kaɗawa a ƙasashen Turai da Amurka.

A 1953 ya komo Nijeriya ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon ƙasa. Wannan aiki ya ba shi damar ɗaukar kiɗe-kiɗen gargajiya da yin nazarinsu. Domin murnar samun mulkin kai a 1960 ya rubuta Folk Symphony, wadda ita ma kan karin gida aka gina ta. Bayan haka ya koma Jami'ar Ibadan, a cibiyar nazarin al'adun Afirka. Jami'ar Nsukka ta sa wa makarantarta ta kiɗa sunansa, Jami'ar Ife kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1972.

A 1968 ya ƙaura zuwa Amurka, ya koyar a Jami'ar Howard, sannan Pittsburgh, daga bisani Jami'ar Kent ta jihar Ohayo. A waɗannan shekaru bincike da koyarwa sun fi rubuta kiɗa cin lokacinsa. Abin da ya dage a kai shi ne, kiɗan Afirka ilmi ne mai zaman kansa, wanda ke haɗe da harshe da addini da zaman jama'a, saboda haka kuskure ne a auna shi da mudun Turai kaɗai. Maganar ta yi nauyi, domin ta fito daga bakin wanda Turawa da kansu suka shaida gwanintarsa a fagensu.

Ya rasu ran 13 ga Maris, 1987, a Ohayo, yana da shekara 81, a can kuma aka binne shi. Har yanzu makaɗan ogan suna kaɗa ayyukansa, don ya rubuta su a takarda. Wannan kuwa darasi ne ga masu nazarin kiɗan Hausa. Na Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata a faifai da kaset suka rage, an rubuta baitocinsu an yi sharhi, amma karin da amon kotso da kalangu ba su sami irin wannan hidima ba. Aikin yana jiran ɗaliban da za su ƙware a harshe da kiɗa gaba ɗaya, kamar yadda Sowande ya yi wa nasa.